"A Raba": Masu Neman Rabuwa da Majalisar Wakilai ta Ikko, 1950 zuwa 1967

Nufin wannan takarda shi ne a duba abin da jam'iyyun da suka nemi rabuwa suka iya samu ta hanyar Majalisar Wakilai ta Nijeriya, tun daga taron Ibadan na 1950 har zuwa ran da aka yanka ƙasar jiha 12. Ra'ayin da zan kafa hujja a kansa shi ne, majalisar nan ba ta taɓa auna kukan mai neman rabuwa bisa ga gaskiyarsa ba, ta auna shi ne bisa ga yawan kujerun da ke bayansa.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmar kanta. "A raba" umurni ne wanda ba a ambaci mai aikatawa ba, ba a kuma ambaci abin da za a yi wa aikin ba. Ga shi kuwa Bahaushe yana raba gado, yana raba faɗa, yana raba aure, alhali waɗannan uku ba abu guda ba ne: na farko kasafi ne tsakanin masu haƙƙi, na biyu tsakani ne domin a zauna lafiya, na uku ne kaɗai yankewa. Masu fassara da Turanci sukan ɗauki ma'anar ƙarshe su bar sauran, sai mai karatu ya zaci duk wanda ya furta kalmar ficewa daga Nijeriya ya ke nufi. A cikin shekarun da mu ke magana an yi amfani da ita ta dukan fuskokin nan, wani lokaci ma bakin mutum guda ne ya furta ta da ma'ana biyu.

Mu ɗauki talakan Getso, a gundumar Gwarzo ta yammacin ƙasar Kano, mu ga nisan da ke tsakaninsa da majalisar. Bisa ga tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951, ba shi ne ke zaɓen wakilinsa na Ikko ba. Masu biyan haraji na ƙauye su kan tsai da mutane, waɗannan su tsai da na gunduma, a yi ta tacewa hawa-hawa har a kai ga taron lardi, inda En'e ma ta ke da ikon shigar da nata mutanen. Taron lardi shi ke tura wakilai Kaduna, Majalisar Kaduna kuwa ita ke ɗibar waɗanda za su tafi Ikko daga cikinta. Saboda haka wakilan Arewa 68, cikin zaɓaɓɓu 136, ba su je Ikko a matsayin muryar garuruwansu ba. Sun je ne ƙungiya guda, jakadun Jihar Arewa.

Rabin kujerun nan ma da barazanar rabuwa aka same su. A taron Ibadan na Janairun 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya bayyana cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to za ta nemi a mai da ita yadda ta ke kafin haɗewar 1914. Aka kai ruwa rana, daga baya aka ba ta. Wannan shi ne karatun farko da shugabannin Arewa suka ɗauka, ba su kuwa manta da shi ba.

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo shawara a majalisa cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a sa "da zarar abin ya yiwu". Da wani wakilin Arewa ya nemi a ɗage muhawarar, sai 'yan Action Group da N.C.N.C. suka tashi suka fice, jama'ar Ikko kuwa suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi a waje. A wannan zama ne Sardauna ya kira haɗewar 1914 kuskure. Abin da Arewa ke tsoro ba ɓoyayye ba ne: ba ta da isassun 'yan makaranta da za su riƙe ofisoshi in Turawa sun tafi, tana ganin za ta fita hannun Bature ta faɗa hannun akawun Kudu. Da S. L. Akintola ya jawo tawagar Action Group zuwa Kano a watan Mayu, faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari daga ran 16 ga wata har kwana huɗu. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni.

'Yan kwanaki bayan wannan, Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka amince da sharuɗɗa 8 da jam'iyyar N.P.C. ta gabatar. A nan ya kamata ɗalibin tarihi ya dakata ya karanta a hankali, gama takardar ta fi abin da a ke faɗa a kanta ban mamaki. Ta ce kowace jiha ta yi dokokinta ta gudanar da mulkinta, ban da tsaron ƙasa, da hulɗa da ƙasashen waje, da kwastan, da 'yan abubuwa kaɗan. Ta ce kada a yi majalisar dokoki ta tsakiya ko kaɗan, sai dai wata hukuma wadda ba ta siyasa ba, da za ta kula da abubuwan tarayya. Watau jam'iyyar da ke riƙe da rabin majalisa ita ce ke neman a rushe majalisar. Amma fa ba ta ce a raba jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa ba. Waɗannan ta ce a danƙa su ga hukumomi na kowa da kowa. Dalilin yana cikin buhun gyaɗa. Gyaɗar da manomin Getso ko Kabo ya sayar a kaka, Kano a ke kai ta a tara dala, sa'an nan jirgi ya ja ta mil 700 ko kusa da haka zuwa bakin teku. Jihar da ba ta da gaɓar teku, wadda kuɗinta ke fitowa daga gyaɗa da auduga da fatu da kuza, ba ta iya yanke wannan igiya ba tare da ta shaƙe kanta ba. A ganina sharuɗɗan nan rabon faɗa ne da aka faɗa da muryar rabon aure, kuma waɗanda suka tsara su sun san haka.

Sakataren Ƙasashen Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taro a London a watan Yuli da Agusta na 1953, aka ƙarasa shi a Ikko farkon 1954. N.P.C. ta sauka daga kan batun rushe majalisa, aka ba ta abin da ta ke so a zahiri: tsarin tarayya, inda duk ikon da ba a lissafa wa tsakiya ba ya zama na jiha, kowace jiha da Firimiyanta da ma'aikatanta da kotunanta da hukumar cinikin amfanin gonarta. A sabuwar majalisa mai wakilai 184 Arewa ta riƙe 92. Abin lura kuma, a tarurrukan nan ne Obafemi Awolowo, saboda ɓacin ran cire Ikko daga Jihar Yamma, ya nemi a rubuta haƙƙin ficewa cikin tsarin mulki, aka ƙi. Daga nan har 1966 N.P.C. ba ta ƙara bukatar kalmar ba, domin a 1957 mutuminta Abubakar Tafawa Balewa ya zama Firayim Minista.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Turawan da ke wancan gefen tebur. A zaɓen Ingila na 1885 jam'iyyar Ailan ta Parnell ta ci kujera 86, daidai da ratar da ke tsakanin manyan jam'iyyu biyu, sai ga Gladstone ya kawo dokar ba Ailan mulkin cikin gida a 1886. Dokar ta faɗi, aka yi ta jan magana har 1914. A 1918 Sinn Fein ta ci kujera 73, ta ƙi zuwa London sam, ta kafa majalisarta a Dublin. Bambancin Arewa da Ailan shi ne, 'yan Ailan tsiraru ne masu jiran manya su rabu biyu kafin a ji muryarsu, Arewa kuwa ita ce rabin ɗakin.

Masu kama da 'yan Ailan na gaske suna cikin Arewa kanta. A 1955 aka kafa jam'iyyar U.M.B.C., wadda ƙarfinta ke lardunan Binuwai da Filato, tana neman a yanka wa ƙabilun tsakiyar ƙasa jiharsu daga Jihar Arewa. Joseph Tarka ya karɓi shugabancinta a 1957, ya ƙulla ƙawance da Action Group. Hukumar Willink, wadda aka naɗa a 1957 domin ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta ba da rahoto a 1958 ba ta goyi bayan sababbin jihohi ba. Ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Saura majalisa ke nan. A zaɓen Disamban 1959, na farko da talakan Getso ya jefa ƙuri'a kai tsaye don kujerar Ikko (maza kaɗai, gama matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a shekarun 1970), kujeru 312 ne, Arewa na da 174. N.P.C. ta ci 134, Action Group da ƙawayenta suka ci 25 a Arewa, N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano ta ci 8.

To, tsarin mulkin 1960 ya ce ba a ƙirƙirar sabuwar jiha sai da yardar kashi biyu cikin uku na dukan wakilai, da amincewar majalisun jihohi, da ƙuri'ar raba gardama wadda kashi 60 cikin 100 na masu rajista suka yarda. Sulusin 312 shi ne 104. Duk jam'iyyar da ta haura wannan adadi ta riƙe makullin ƙofar, N.P.C. kuwa ta haura shi da 30. Tarka yana iya tashi ya yi magana a kowane zama, ya kuwa yi, amma lissafin ba ya motsi. Abin da ya kasa fita ta majalisa ya fita ta tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964.

Sau ɗaya tak ƙofar ta buɗe. Majalisa ta amince da yanka Jihar Yamma ta Tsakiya daga Jihar Yamma, majalisun Arewa da Gabas suka sa hannu, aka yi ƙuri'a a Yulin 1963, jihar ta tsaya a Agusta. Kukan mutanen Binin da maƙwabtansu bai fi na Tibi ƙarfi ba. Abin da ya bambanta su shi ne, jihar da za a rage ta jam'iyyar hamayya ce, kuma rikici ya riga ya tsaga ta tun 1962. Action Group ta nace a yanka jihohi a ko'ina lokaci guda, ba wanda ya saurare ta.

Batun Kano shi ya fi kusa da mu, shi ne kuma ya fi rikitar da mai tsammanin rabuwa aikin ƙananan ƙabilu ne kawai. A 1962 gwamnatin Kaduna ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da tafiyarsa Azare. Cikin fushin wannan aka kafa jam'iyyar K.P.P., mai neman a dawo da Sarki, a kuma ba Kano jiharta. Hujjarta ita ce Kano ta fi kowane lardi jama'a da gyaɗa, amma a Kaduna a ke yanke mata hukunci. Ga Hausawa da Fulani Musulmi, a tsakiyar daular da Shehu ya kafa, suna faɗin abin da Tibi ke faɗi. K.P.P. ta shiga ƙawance da N.E.P.U. da U.M.B.C. don zaɓen Disamban 1964, amma ba ta kai ko mutum ɗaya Ikko ba. Kujerun ƙasar Kano na hannun hakimai da manyan ma'aikatan En'e da attajiran N.P.C., irin su Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, wanda ya wakilci ɗaya daga mazaɓun Gwarzo. Cikin kujerun Arewa 167 N.P.C. ta kwashe 162.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisar. Da Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da doka mai lamba 34 ran 24 ga Mayu, kalmar ta koma titi, aka yi ta kiran "a raba" a Kano da Zariya da sauran garuruwa, aka zubar da jinin mutanen Gabas da yawa, a Mayu da kuma a Satumba da Oktoba. A taron tsarin mulki da Gowon ya kira a Satumba, wakilan Arewa sun fara da neman sassauƙar haɗaka mai haƙƙin ficewa, kusan sharuɗɗan 1953 ke nan, sa'an nan cikin 'yan kwanaki suka juya suka goyi bayan tarayya mai ƙarfi da ƙarin jihohi. A wannan karon muryar ƙabilun tsakiya ta yi nauyi, domin 'ya'yansu ne suka cika bataliyoyin soja. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar jiha 12 da dokar soja, shida daga cikinsu a Arewa, kwana uku kafin Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Binuwai da Filato suka zama jiha guda. Lardin Kano ya zama Jihar Kano, aka naɗa Audu Bako, ɗan sanda, Gwamnanta na farko, Getso da Gwarzo da Kabo suka daina duban Kaduna.