Daga Reggane zuwa Kwabenya: Yadda Aka Sauya wa Nukiliya Riga

A watan Disamba na 1959 wata tawaga ta tashi daga Accra ta nufi Reggane, cikin hamadar Aljeriya, da niyyar hana Faransa gwajin bam ɗin nukiliya. Cikinta akwai Michael Scott da Bayard Rustin. Jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, bam kuwa ya tashi ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Tsoron jama'a yana da dalili, domin iskar hunturun da ke lulluɓe Nima da Adabraka da hazo daga wannan hamada take busowa.

Duk da haka, a Nuwamba 1964 Kwame Nkrumah da kansa ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya, da taimakon Tarayyar Sobiyet. Juyin mulkin 1966 ne ya tsayar da aikin. Nkrumah yana da nasa buri na kimiyya, amma rarrabewar da ya dogara da ita, wato bam daban, nukiliyar zaman lafiya daban, an riga an tallata ta a duniya tun jawabin Shugaba Eisenhower na 1953.

Bayan haɗarin Three Mile Island a 1979, kalmar zaman lafiya ta daina kwantar da hankali, sai aka nemo wata. A 2006 ƙungiyar masana'antar nukiliya ta Amurka, Nuclear Energy Institute, ta ɗauki kamfanin hulɗa da jama'a na Hill & Knowlton, aka kafa wata gamayya mai da'awar makamashi mai tsabta. Aka sa Patrick Moore, tsohon jigon Greenpeace, a gaba. Dabarar ba ta buƙatar ƙarya: jaridu da dama sun riƙa ambatonsa a matsayin mai kare muhalli, ba tare da faɗin wanda ke biyansa ba.

Da wannan sabuwar riga maganar ta dawo Accra, inda aka yi taron farko na Amurka da Afirka kan makamashin nukiliya a ƙarshen Oktoba 2023. Wanda ya sha duhun "dumsor" a Maamobi ba zai raina alkawarin wuta ba. Sai dai kwanaki kaɗan bayan taron aka soke aikin NuScale na farko a Amurka, bayan kuɗinsa ya hauhawa kuma masu sayen wutar sun ja da baya. A Agusta 2024 Ghana ta sa hannu kan yarjejeniyar gina tasha da fasahar wannan kamfani.