Tacewa da Daskarar da Gishiri Sun Riga Makaranta Zuwa Ƙasar Kano

Ɗalibin ajin farko na babbar sakandare a Minjibir yakan haɗu da darasin raba gauraye a kemistiri: a cuɗa yashi da gishiri, a zuba ruwa, a tace da takarda a cikin mazurari, sannan a ɗora ruwan a wuta har ƙwayoyin gishiri su fito. Akan koyar da shi kamar baƙon ilimi da ya zo a littafi, alhali aikin ya daɗe a gidajenmu. Matan karkarar Kano sukan ƙona karan gero ko na dawa, su zuba tokar a tukunya mai huji da aka shimfiɗa wa ciyawa, su kwara ruwa ya riƙa ɗiga a ƙwarya. Gawayi da ƙasa su tsaya a sama, abin da ya narke ya sauko. Da wannan ruwan toka ake gyara miya, ake yin sabulun salo, kuma toka ce ke tayar da baba a marina.

Kasuwanci ne ya girmama sana'ar. A ƙasar Manga, wajejen Gure da Maine-Sorowa, ana kankare ƙasa mai gishiri da rani, a tace ta, a dafa ruwan a ƙananan tukwane har ya daskare ya zama mangul. Haka ake yi a kwarin Foga. A Bilma rana ce ke aikin wuta: ruwan ya ƙafe a ramuka, a kwashe gishirin a gina kantu, ayarin Buzaye ya kawo shi Hausa. Wannan ciniki na ci lokacin da Bature matafiyi Barth ya iso Kano a 1851, shekara ɗari da ɗaya kafin a kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, balle makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977.

Wani zai ce gwaninta daban, kimiyya daban, mai dafa mangul bai san dalilin abin da yake yi ba. Akwai gaskiya a nan, kuma nan ne makaranta ta kawo nata. Wanda ya ƙafar da ruwa ƙurmus, duk abin da ya narke a ciki zai tarar a gindin tukunya a cakuɗe, shi ya sa gishirin gargajiya yakan zo da ɗanɗanon kanwa. Amma in aka rage ruwan kawai, aka bar shi ya huce sannu a hankali, sinadarin da ruwa ya gaza riƙewa shi zai fara fitowa ƙwaya-ƙwaya da tsabtarsa, sauran su zauna a ruwa. Sai dai wannan bayani ma ba jiya aka fara shi ba. Masani Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta hanyoyin tacewa da daskararwa da Larabci. Ni a ganina, malamin da ya fara da tukunyar toka ya taƙaita wa ɗalibi rabin tafiya.

Kuma Minjibir na da dalilin kula da darasin fiye da cin jarrabawa. Madatsar Wasai da ke yankin tana karɓar ruwan kogin Jakara, wanda ke kwaso dattin birni da na masana'antun Bompai. Ƙyalle ko yashi za su tare laka, ruwan ya fito garau, amma ƙarafan da suka narke a cikinsa wucewa za su yi kamar yadda gishiri ke ratsa takardar tacewa, kuma da ruwan nan ake ban ruwan lambuna.