Dala da Iko: Daga Wuri zuwa Sefa a Kurfai

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge ya san ba mu ƙirga kuɗi da tamma. Da dala muke yi: dala ashirin, dala ɗari, jikka guda. Ni a ganina tarihin mulkin ƙasarmu yana kwance cikin wannan lissafi.

Mu fara da kakannin waɗanda suka mallake mu, wato Farankawa na ƙasar Faransa. A ƙarni na 7, garuruwa ɗaruruwa ke buga kuɗi a can, kuma galibi sunan maƙerin ke jiki, na sarki sai jefi-jefi. Shalman ya gyara kuɗin azurfa wajen 794, ya ce kowa ya karɓa. A 864 jikansa Sharl ya taƙaita bugun kuɗi a wurare goma kacal. Manufar a fili take: inda kuɗin sarki ya tsaya, nan ikonsa ya tsaya.

Mu kuwa hanyarmu daban ce. Sakkwato da Kano sun yi mulki da wuri, wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldib, ba sunan kowa a bayansa. A 1851 Bature Barth ya tarar wuri 2,500 ke sayen azurfa guda a Kano.  Sarki bai buga kuɗi ba, tara shi ya yi ta hanyar haraji da kuɗin fito.

To, da Faransawa suka kafa bariki a Filinge suka ɗora Gado Namalaya kan Kurfai, sai lanho ya shigo, daga bisani aka ce da kuɗin Bature za a biya. Ina talaka zai samo? Sai ya sayar da gero ko akuya, ko ya tafi cin rani Gwalkwas. Ban yi mamaki ba da Hauka ta ɓulla a Cikal a 1925, mabiyanta suka bijire wa sarkin da Bature ya naɗa.

Sefa ta zo a 1945. A Janairun 1994 aka rage rabin darajarta, ba wanda ya tambayi Bakurfaye ko ɗaya. Ku duba takardar jikka: harafin H na nufin Nijar, amma babban bankin na Dakar.

Shi ya sa, 'yan'uwa ɗalibai, in ana gardamar sabon kuɗi, kada mu tsaya ga hoton da za a zana. Mu tambayi wa zai riƙe maƙerar, kuma wa zai iya tuhumarsa in dala ta faɗi.