Yadda Manhajar Ofis Ke Haɗuwa da Rumbun Bayanai na Nesa

Rumbun bayanai ma'ajiya ce da ake tara sunaye, lambobi da sauran bayanan jama'a a cikin babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Kwamfutar da muke gani a ofishin rajista ba ita ke riƙe da waɗannan bayanai ba. Manhajar da ke cikinta tambaya kawai take aikawa ta hanyar sadarwa, sannan ta jira amsa. Haka ake samun lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC, da aka kafa bisa dokar 2007, ke bayarwa daga rumbunta na ƙasa.

Kafin haɗin ya yiwu, wajibi ne manhajar ta san adireshin uwar garken, da lambar ƙofar shiga (3306 ce ga rumbun MySQL idan ba a sauya ba), da sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Kuskure a ɗaya daga ciki ya isa ya hana shiga. A karkara saƙon yakan bi layin wayar salula ko tauraron ɗan'adam, wanda ruwan sama mai ƙarfi kan raunana.

Saboda haka idan ma'aikaci ya ce babu sabis, hanya ce ta yanke, bayanan da suka riga suka shiga rumbun suna nan. Muna shawartar jama'a kada su je wata cibiya su sake rajista, domin rumbun yana gwada zanen yatsu, kuma rajista biyu kan jawo tsaiko mai tsawo. Ma'aikata kuwa kada su ara wa kowa kalmar sirrinsu, domin ana rubuta sunan wanda ya shiga a kan kowane gyara da aka yi.