Daga malamin ayari zuwa kwantabul: tarihin masu rubuta mana takardun lampo



Da kwamitin biki ya ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, na san dattawa za su kawo labarin waɗanda suka kafa ƙungiya da wahalar da suka sha a hanya. Ni na zaɓi wasu mutane da ba a ɗaukar hotonsu ranar biki, wato masu rubuta mana lissafi da takardun lampo. Aikina na magatakarda ya sa kowace shekara daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu ina tsakaninku da su. Ku kawo mini kukan sun yi jinkiri, su kawo mini kukan ba ku ba su takardu ba. Shi ya sa na nemi sanin inda wannan sana'a ta samo asali.

Zamanin ayari

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya kara zube. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki, sannan akwai malamin ayari. Ban da addu'a da jan salla, shi ne mai alƙalami da tawada, shi ke riƙe lissafin ayari. Idan an iso bakin kogi za a biya kuɗin fito, ko an shiga ƙasar wani sarki za a ba da gaisuwa, madugu ke ciniki a madadin kowa, daga baya a raba wa kowa gwargwadon jakunansa da kayansa. Wannan rabo yana buƙatar mai ƙirga da kowa ya yarda da shi.

A cikin gari kuwa akwai kuɗin ƙasa, da jangali, da kuɗin karofi na marina. Bature Barth da ya shiga Katsina da Kano a 1851 ya rubuta cewa magidanci a Kano yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa. Falke bai san wata rana guda a shekara da zai kai bayanin ribarsa ba. A ƙofa yake biya, ya wuce. Shaidarsa mutane ne: madugu, malam, da fatoman da ya sauke shi.

Iyaka ta zo da takarda

A 1906 Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar nan, daga nan zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Katsina ta faɗa hannun Ingilishi, Maraɗi hannun Faransa. Ɗan kasuwa guda ya wayi gari da hukuma biyu, kuɗi iri biyu, da harsunan ofis biyu waɗanda ba ya jin ko ɗaya.

A kudu Ingilishi suka bar karɓar haraji a hannun sarakuna da hakimai da dagatai, tare da malaman haraji masu rubuta sunayen magidanta, kuɗin kuma su shiga Baitulmali. A nan wajenmu kumandan ke yanka lampo a kan kowane kai, gardi na biye da mai gari. Mai shago ko mai tebur kuma ya biya patanti. Nauyin lampo da aikin tilas ya kori iyalai da yawa zuwa ƙasar Ingilishi, kafin a soke aikin tilas a 1946.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama uwar kasuwa, kuma ta Kano gyaɗar Maraɗi ke bi zuwa teku. Lokacin karɓar lampo sai ya haɗe da kaka, domin a lokacin ne talaka ke da kuɗi a hannu. Ke nan farkon lokacin cunkoso a wannan sana'a shi ne kakar gyaɗa. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna da komi, yaran da suka yi lakwal, masu rubuta nauyin buhu da kuɗin da aka ba ɗan kasuwa ya je ƙauye saye. Wanda ba shi da komi sai ya nemi mai tebur a bakin gidan waya ya rubuta masa takarda da Faransanci. Alhazai da yawa na wancan zamani suna riƙe lissafin miliyoyi a kai ko a ɗan littafi da ajami, amma idan hukuma ta kira sai sun nemi ɗan boko ya yi musu baki. A Disamba 1945 aka ƙirƙiro sefa, kuɗin da har yau muke lissafi da shi.

Bayan ƴancin kai

Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyoyin kudancin Nijeriya, kaya suka koma biyowa ta Kwatano su sauka Maraɗi su tsallaka. Daga nan harkar tiranzit ta kafu, ta haifi masu cike takardun duwan, waɗanda har yau suke zaune tsakaninmu da ofis. A 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira.

Sai kuma harajin kai ya fara ja da baya a ɓangarorin biyu. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta sauƙaƙa wa talaka lampo lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo. A Nijeriya gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, kuma a lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna. Talakawa sun yi murna. Sai dai hukuma ba ta zama ba kuɗi, da ta sassauta wa kai sai ta juyo kan ciniki: kayan da aka shigo da su, abin da aka sayar, da ribar da aka samu. Irin wannan haraji ba a ƙirga shi da ido, sai da littafi.

Janairun 1994 ya nuna mana haka ƙarara. Ranar 1 ga wata Nijeriya ta fara karɓar VAT kashi 5 cikin ɗari. Ranar 12 ga wata aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Wanda ya ɗauko kaya bashi daga waje a Disamba ya wayi gari bashinsa ya ninka, kayan kuwa suna nan yadda suke a sito. Wani tsohon kwantabul da na koyi aiki a gabansa, Allah Ya jiƙansa, ya ce mini a wannan shekarar ne alhazan da ke kiransa ɗan takarda suka fara aiko masa da mota.

A 1998 ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka ɗauki tsarin lissafi guda, SYSCOA, daga baya ya koma tsarin OHADA wanda aka sabunta a 2018. Lambar NIF ta zama sunan ɗan kasuwa a wurin hukuma. TVA a Nijar kashi 19 ce, VAT a Nijeriya ta koma 7.5 a 2020. Iyaka ma an rufe ta sau uku cikin rayuwar da yawa daga cikinmu: 1984 zuwa 1986, Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sai kuma daga Agusta 2023 zuwa farkon 2024. Kowace rufewa tana barin kaya a hanya da bashi a littafi, kuma mai lissafi ne zai bayyana wa ofis dalilin da ciniki ya faɗi.

Yadda Afrilu yake a biro

Ƙananan ƴan kasuwa suna biyan lamponsu a dunƙule. Wanda cinikinsa ya girma kuwa dole ya kai cikakken lissafin shekarar da ta wuce kafin 30 ga Afrilu. Membobinmu masu shago a Katsina ko Kano suna da wata ranar, 31 ga Maris, ta bayanin kuɗin shigarsu. Saboda haka wata biyu cur masu lissafi ba su da hutu.

Na sha kai takardun membobi irin waɗannan birori, na ga yadda ake kwana. Ana buɗewa bayan asuba don a ci sanyin safe, domin zuwa azahar zafi ya haura digiri 40. Wuta ta ɗauke, a tayar da inji, man inji ya ƙare, yaro ya tafi nema da galan. Daga 2022 zuwa 2025 kuma azumi ya riƙa faɗowa cikin waɗannan watanni, a sha ruwa a kan tebur da dabino da kunu, a yi asham a dawo. Wata mai shigar da lissafi a kwamfuta ta gaya mini a makon ƙarshe ƴaƴanta barci take samun su, barci take barin su.

Abin da muke kai musu ya fi zafin rana wahala. Baƙar leda cike da resi, wasu sun sha manja, wasu rubutun inji ya goge ƙal. Littafin yaron shago da aka yage tsakiyarsa. Saƙon murya a WhatsApp mai cewa kaya sun kai kusan kaza. Daga cikin wannan ne ake son ya fitar da lissafin da zai sa wa hannu.

Tambayoyi uku ke cin lokacinsu. Ta farko, a nawa aka yi canji? Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 tun 1999, naira kuwa tana iya motsawa tsakanin safe da yamma. Kayan da aka saya a Kantin Kwari a watan Yuni, idan ba a rubuta canjin ranar ba, a Afrilu sai dai a yi ƙiyasi. Ta biyu, kuɗin shago ne ko na gida? Kuɗin suna, na kujerar Makka da na siminti duk daga aljihu guda suke fita. Ta uku, wace jikka? A nan jikka sefa 1,000 ce, a bakin tsofaffin ƴan kasuwar Nijeriya jaka naira 200 ce. Ni kaina a shekarata ta farko na rubuta wa wani dattijo bashin jikka ɗari da sefa alhali da naira yake nufi. Kwana biyu kwantabul yana neman inda lissafi ya karkace, da aka gano ni na je na ba da haƙuri.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Wani membanmu, ba zan kama suna ba, ya kai wa mai lissafinsa rabin takardun shekara ya ɓoye rabi, don lampo ya yi sauƙi. An cike, an kai, an buga hatimi, ya yi murna. Bayan shekara biyu masu bincike suka zo da jerin duk kayan da suka shigo ta duwan da lambar NIF ɗinsa. Kayan da ya shigo da su sun fi cinikin da ya ce ya yi nesa ba kusa ba. Aka yanka masa lampon da ya rage, aka ɗora tara, sai da ya sayar da mota guda. Ya zo ofishin ƙungiya yana cewa kwantabul ya cuce shi. Na ce, “Alhaji, da girmanka, me ka ba shi?” Ya yi shiru. Malamin ayari yana ganin jakuna da idonsa, ba a iya ɓoye masa kaya. Na yau abin da aka miƙa masa kawai yake gani, alhali kwamfutar duwan ta ga sauran. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ce duk masu wannan sana'a tsarkaka ne ba. Akwai ƴan kan hanya da ke karɓar kuɗi su ce sun san wani a ciki, su kawo takarda mai hatimi wadda ba ta cikin rajistar kowa. Ƙwararrun kwantabul suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, ONECCA, kuma ba laifi ba ne ka tambayi mutum ko sunansa na ciki, ko a ƙarƙashin wa yake aiki.

Roƙona ga membobi

Kowa ya sayi littafi guda na shago, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a ranar, da boko ko da ajami, duk ana karantawa. Duk sayayyar naira a rubuta canjin ranar a bayan resi. Resin inji a ɗauke shi hoto kafin ya goge. Takardun duwan a haɗa su wuri guda, kada a cire ko ɗaya. A kai wa mai lissafi a Fabrairu, lokacin da yake da sukunin zama da kai ya yi maka tambaya. Idan an biya lampo, ka karɓi resin ofis ka gani da idonka. Sannan a biya mai aiki haƙƙinsa da wuri, domin da yawansu sai bayan salla suke bin mu bashi gida gida.

Ofishin ƙungiya a buɗe yake daga farkon Janairu ga duk wanda ke son a taya shi jera takardu kafin ya kai. Ba a biyan ko dala.

Allah Ya jiƙan malaman ayari da komi da masu tebur na bakin gidan waya da suka riga mu. Waɗanda ke raye Allah Ya ba su lafiyar ido da haƙuri da mu. Allah Ya ƙara wa ƙungiya albarka, Ya maimaita mana.

Magatakardan ƙungiya, Maraɗi