Daga Rumfa Zuwa Alwali: Yadda Iko Ya Taru a Fadar Kano

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Wannan maƙala za ta bi sawun sarakunan Haɓe na Kano cikin shekara ɗari uku da ɗoriya, domin a ga yadda iko ya yi ta taruwa a hannun sarki, da abin da hakan ya jawo wa kasuwa da talakawa. Madogararmu ita ce Tarihin Kano, littafin da ya jero sarakunan birnin tun daga Bagauda.

Tubalin da Rumfa Ya Aza

Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma fara naɗa babanni a manyan muƙamai. Hikimar naɗa baba a fili take: ba shi da 'ya'ya, ba ya neman gadon sarauta, saboda haka biyayyarsa ga sarki kaɗai take. Amma Rumfa bai bar kansa ba linzami ba. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, wadda Galadima da Madaki da Wambai ke cikinta, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna. Hakimai sun daɗe da ƙarfinsu, har a shekarar 1652 Madaki Kuma ya tuɓe Sarki Kukuna, sannan sauran manya suka mayar da shi bayan wata uku.

Haraji Ya Yi Nauyi

Fada mai dawaki da bayi da yawan yaƙe-yaƙe ba ta rayuwa sai da dukiya. Kutumbi (1623-1648) ya ɗora wa Fulani jangali. Muhammadu Sharefa (1703-1731) ya ƙago hanyoyi bakwai na tara kuɗi, ciki har da harajin Kasuwar Kurmi da na 'yan mata idan za a aurar da su. Ɗansa Kumbari (1731-1743), wanda ya sha fama da Gobirawa, ya tsananta karɓa har kasuwar ta kusa mutuwa, bai kuma ƙyale ko malamai ba. Larabawa 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice daga birni suka nufi ƙauyuka. Wato kazar da ke yin ƙwan ita aka kai wa wuƙa.

Daga nan abin ya kai kan manya. Babba Zaki (1768-1776) ya karya lagon hakimai da manyan bayi, yana ƙwace dukiyarsu, shi ne kuma ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron kansa. Hakimin da ke tsoron a washe gidansa gobe ba zai buɗe baki ya faɗa wa sarki gaskiya ba, kuma abin da aka ƙwace masa a wuyan talakan ƙasarsa zai fanshe.

Ƙarshen Al'amari

Muhammadu Alwali ya hau gado a 1781, ya tara hatsi saboda shirin yaƙi, amma yunwa ta afka wa ƙasa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, ya tarar da zukata a nune. Ire-iren waɗannan karɓe-karɓe, kamar jangali da gaisuwa, suna cikin abubuwan da Shehu ya soki sarakunan Hausa a kansu a littafinsa Kitabul Farƙ. An ci Alwali da yaƙi a Ɗanyaya, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Kammalawa

Babu shakka addini shi ne tutar jihadi, amma an daɗe ana ruwa ƙasa tana shanyewa. Sarakunan da suka raunana majalisa sun sami abin da suka so, wato ba mai ce musu a'a. Sai dai ranar da gobara ta tashi, waɗanda ya kamata su kawo ruwa sun riga sun gaji da fada. Ɗalibin tarihi da ya ga majalisa ta koma 'yar amshin shata a kowane zamani, ya waiwayi Kurmi ta zamanin Kumbari.