Zumar gida: yadda ake tantance ta gari da wadda aka yi wa algus

A tashoshin mota da bakin titunan Arewa, mai sayar da zuma yakan tsoma tsinken ashana a cikinta ya ƙyasta, ko ya ɗiga ta a kofin ruwa don mai saye ya ga ta nutse ba ta narke ba. Waɗannan gwaje-gwaje kaurin zuma kawai suke nunawa. Ruwan sikarin da aka dafa ya yi kauri zai tsallake su. Haka nan maganar cewa kiyashi ba ya bin zuma ta gari ba ta da tushe.

Ma'aunin da duniya ke aiki da shi na hukumar Codex Alimentarius ne, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa. An fitar da shi a 1981, aka sabunta a 2001. Ya ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Sikarin 'ya'yan itace da gulukos, idan aka haɗa su, kada su gaza giram 60 a kowane giram 100, sikari irin na rake kuma kada ya haura giram 5, sai a wasu nau'o'in furanni kaɗan. Akwai kuma wani sinadari da ake kira HMF, wanda ke ƙaruwa idan zuma ta sha zafi ko ta daɗe a ajiye. Iyakarsa miligiram 40 a kilo ɗaya, amma an ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80.

Zumar gida takan faɗi a waɗannan ma'aunai ko da ba a zuba mata komai ba. Mai amya da ya hau bishiya da dare da wutar kara yakan kwashe saƙar duka, har da wadda ƙudan zuma bai rufe da kaki ba. Irin wannan ba ta nuna ba, ruwanta ya yi yawa, kuma bayan 'yan makonni sai ta fara kumfa da tsami. Wasu kuma sukan ɗora saƙar a wuta ko su shanya ta a rana don ta tsiyaye, abin da ke kashe sinadaranta ya ɗaga HMF. Wannan matsala ce ta rashin kayan aiki da horo, kuma ƙaramar na'urar auna ruwan zuma, wadda ake riƙewa a hannu, za ta rage ta sosai.

Algus na gangan sai ɗakin gwaji ke kama shi. Rake da masara suna da wani tambarin kabon da ya bambanta da na yawancin furannin da ƙudan zuma ke bi, saboda haka ana iya gano sikarinsu. Masu ha'inci sun koma ruwan sikarin shinkafa, wanda wannan gwaji ba ya gani. A binciken da Tarayyar Turai ta fitar a Maris 2023, kashi 46 cikin 100 na samfura 320 na zumar da aka shigar mata sun zama abin zargi. A Najeriya, rajistar abincin da aka zuba a mazubi aikin NAFDAC ne, tsara ma'auni kuma na SON, sai dai zumar da ake sayarwa a tsofaffin gorunan ruwa ba ta ɗauke da lambar kowa.

Daskarewa ba alamar jabu ba ce, gulukos ne ke yin ƙanƙara, kuma ruwan ɗumi na narkar da shi. Launi ma ya danganta da furen da aka tsotsa. Ko zuma ta cika kowane sharaɗi, likitoci sun hana ba wa jaririn da bai kai shekara 1 ba, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar cutar botulizim mai shanye jiki.